Rasuwar Baba Kefas, Mai Sauraron Ƙirjin Maruƙa

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar 'Yan Mata Masu Kiwo ta Zuru ta sami labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Saja Kefas Dawuda mai ritaya, dattijon ikilisiya kuma malamin dabbobi, wanda ya yi barci cikin Ubangiji ranar Talata bayan gajeruwar rashin lafiya.

Tun da Baba Kefas ya ajiye kakin soja ya kama aikin dabbobi, babu garken da bai shiga ba daga Zuru har Danko da Mahuta, kan tsohon babur ɗinsa. Shi ya koya mana cewa ɗan maraƙi ba ya faɗin ciwonsa, numfashinsa ne ke faɗa. Ya nuna mana yadda ake tsugunawa a gefen turke, a jira maraƙi ya natsu, sannan a ƙirga hawa da saukar haƙarƙarinsa da agogon hannu, a kuma ɗora abin sauraro a bayan kafaɗarsa ko za a ji ƙara a huhu. Yana da wata roba mai jaka da yake rufa wa maraƙi a hanci don ganin yawan iskar da yake fitarwa, maruƙa kuwa ba su taɓa yarda da ita cikin daɗin rai ba. Duk wadda ta yi surutu a wurin, sai ya ce ta tafi kasuwa, can ake neman irinta.

Ya sha faɗa da iyayenmu kan ɗaure maruƙa a ɗakin girki da damina don kada sanyi ya kama su, yana cewa hayaƙi ya fi ruwan sama kashe su. Waɗanda suka ji maganarsa sun ga amfaninta.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Mama Saloma, da 'ya'yansa Philip da Rabi, da dukan dangi, tana addu'a Ubangiji ya ta'azantar da su, ya ba su ƙarfin ɗaukar wannan babban rashi.

Cikin ladabi kuma, muna da roƙo guda ga iyayenmu na zumuntar mata ta ikilisiya da ke dafa abincin makoki. Maraƙar da ke ɗaure a bayan gidan ita kaɗai Baba ya bar wa Mama Saloma, maraƙar kuma tana fama da ciwon huhu, shi yake jinyarta har ya kwanta. Tun da aka kafa murahu kusa da turkenta, hakinta ya ƙaru. Ba mu iya faɗin wannan a gaban manya ba, shi ya sa muka rubuta. Don Allah a mayar da wuta ƙofar gida. Mu za mu ɗauki duwatsun murhun da itacen, mu kuma ɗebo ruwa har a tashi makoki.

Glory Ishaya
Sakatariya, a madadin Ƙungiya
Zuru, Agusta 2006