Inda Baba Ke Zuwa Ranar Talata

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma nan lafiya, sai wani abu da ya tsaya mini a rai.

Ka san tun da Baba ya kafa gidauniyar nan bayan rasuwar Mama, ni ke raka shi ko'ina: asibitin da muke tallafa wa binciken ciwon daji, da shagonmu da ake ƙera wa nakasassu kekuna da sanduna. To, wata biyu ke nan ya daina zuwa da ni asibitin. Duk Talata sai ya fesa turare, ya sallami direba, ya ja mota da kansa. In na tambaya, wai zai duba sabuwar na'urar da muka saya musu. Yaya, wace irin na'ura ce ake dubawa awa huɗu?

Likitar da ke jagorantar binciken kuma ta fiye kiransa. Da wayar ta yi ƙara zai shige ɗaki ya turo ƙofa. Ban ce aure laifi ba ne, amma matar nan ban yarda da ita ba. Wa ya san abin da take hange?

A gaida kowa.
Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya yara? Na ga amsarka, wai in ƙyale tsoho ya sha iska. Ka saurara tukuna.

Jiya na kai sababbin tayoyi shago. A can lungu na ga wani keke an rufe shi da zane, kujerarsa mai laushi, birkinsa a hagu. Babu shi a jerin waɗanda muka yi wa alkawari. Na tambayi mai walda na wane ne, ya yi ta sosa ƙeya. Da na matsa masa sai ya ce Baba ne ya zo da kansa, ya zauna aka auna shi, wai na wani abokinsa ne mai irin jikinsa. Wane aboki ne wannan da ban sani ba, kuma shi ma bahago kamar Baba?

Tun daga nan na fara lura. Ya daina sa riga mai gajeren hannu. Abincinsa rabi yake dawowa. Da zai hau matakala sai ya tsaya, ya yi kamar yana duba waya. Wallahi yanzu addu'a nake a ce auren ne.

Taka,
Auta

Yaya,

Ina fatan kana lafiya. Ni dai ba na cikin daɗi.

Talatar nan na bi Baba a tasi har asibitin. Ko kallon ɗakin na'urar bai yi ba, ya wuce can ƙarshen baranda, wani ɗaki mai kujeru shida, kowa da ledar ƙarin ruwa a rataye. Baba na kan kujera ta uku, ya naɗe hannun riga, yana ba maƙwabcinsa dariya. Da ya gan ni bai ko razana ba, cewa ya yi, "Auta, ke fa akwai bin diddigi."

Likitar da na yi ta zargi ce ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa. Ta ce ciwon daji ne ke damun Baba, a ƙashin baya. Ya sa kansa cikin masu gwajin sabon maganin, yana bin layi kamar kowa, kuma ƙafafunsa na iya daina aiki kafin shekara. Ya ce ba ya so in sake ganin abin da na gani a jinyar Mama. Na yi kuka har na gaji.

Da na natsu na ce a nuna mini fayil ɗinsa. A takardar amincewa akwai wurin da ɗan uwa na jini ke sa hannu. Na san rubutunka ko a duhu, Yaya. Kwanan watan ya nuna wata uku da suka wuce.

Ni nake dafa masa, ni nake jin tarinsa ta bango, amma ni aka mayar baƙuwa. Kada ka rubuto mini amsa. Ka zo ka faɗa mini a gabansa.

Ƙanwarka duk da haka,
Auta