Shaidar Mati Ba Ta Karɓuwa

Da sunan Allah Mai rahama.

Daga mahaifinka Mati na Wagini, zuwa ga ɗana Sammani a marinar Birnin Katsina. Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina aiki, yaya maigidanka da iyalinsa? Mu nan lafiya, sai gwiwata da ta yi yaji da ruku'u. Innarka Marka tana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, karatun ubanka ya tsaya ne inda bulalar malam ta fi ƙarfin bayansa.

Saƙonka ya iso ta hannun masu jakai, innarka da ta ji sai da ta zauna ƙasa. Ka ce ka ga Hussaina, ɗiyar marigayi Yero maƙwabcinmu, wadda mahara suka ɗauke ranar da suka ƙone unguwarmu, tana ɗibar ruwa a gidan wani falke, an laƙa mata sunan bayi. Ka ce falken ya ƙi zancen fansa don ya yi alkawarinta a arewa, ayarinsu kuma zai tashi in an gama kaka. Alƙalin birni ya ce a kawo maza biyu adalai su shaida haifaffiyar ɗiya ce, ba baiwa ba.

To, waɗanda suka san haihuwarta, wasu suna kushewa, wasu Allah kaɗai ya san kasuwar da aka kai su. Saura Malam Muntaka. Na biyun ni ne, ni kuwa a gaban shari'a da ni da turmin innarka duk ɗaya.

Kana goye abin ya faru. Ranar cika-ciki ce, ranar da taubasai ke cin zarafin juna ba mai fushi. A kasuwar Safana na hango ƙeyar taubashina Gagare, na lallaɓa na tuɓe mishi hula, na ɗaga murya na ce jama'a ku zo ku ga wanda har yau ake cigiyar ubansa. Ya waiwayo, ashe baƙon malami ne. Ƙeyar ce kawai iri ɗaya. Alƙali ya ce ƙazafi ne, aka yi mini bulala tamanin, aka ce ba a ƙara karɓar shaidata. Bayana ya warke kafin damina. Ɗaya hukuncin kuwa har alfahari nake da shi, ni kaɗai ne ba a tasowa daga inuwa don rigimar iyakar gona. Sai yanzu na ji nauyinsa.

Gobe zan hau jaki in tafi Safana in roƙi a ɗage mini. Ka gaya wa Hussaina ta yi haƙuri.

Ubanka, Mati.

*

Zuwa ga Sammani. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka, Allah ya sa kana cin abinci, don innarka ta ce ta san ba ka ci.

Na je Safana. Alƙalin da ya hukunta ni ya rasu tuntuni, na tafi da sa rai an manta. Tun daga bakin gari wani mai sayar da igiya ya dafe hularsa da ya gan ni. Yaran da ba a haifa ba a lokacin ma sun san ni.

Sabon alƙalin mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ƙofar ba a rufe take ba. Wanda aka yi wa haddi, in ya tuba kuma aka ga halinsa ya sake, shaidarsa tana dawowa. Sai dai ba ni zan faɗa da bakina ba. Mutum biyu da suka daɗe da zama da ni su za su zo su ce Mati ya riƙe harshensa. Ya sa mana ranar kasuwa bayan ganin wata.

Tun daga ranar na kulle bakina. Ina zuwa masallaci kafin ladan, in zauna sahun gaba ina jan carbi kamar mai tsinkar wake. Liman ya yi tuntuɓe da buta a gabana, na haɗiye abin da ya zo mini har ya ƙona mini ƙirji. Innarka ta ɗauka ciwon shawara ne ya kama ni, ta ɗura mini jiƙo mai ɗaci, na sha ban ce komai ba, sai ta ƙara tsorata.

Na sami Ubale maƙeri, ya yarda. Na biyu na rasa, waɗanda suka san ni da daɗewa harin ya cinye su, Malam Muntaka kuwa alƙali ya ce abokin shaida ba ya wanke abokin shaidarsa. Sai Gagare. Na je Tsaskiya na same shi, na faɗa mishi zancen Hussaina, ya dafa Alƙur'ani zai faɗi alheri. Wanga shi ne karon farko da muka zauna ba wanda ya zagi wani, duk muka rasa inda za mu sa idonmu.

Dawa ta fara nuna a nan. Ina kallonta ina roƙon Allah ta yi nawa.

Ubanka, Mati.

*

Zuwa ga ɗana Sammani. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka. Mu nan da sauƙi.

Ba a ɗage ba.

Ubale ya yi magana mai kyau, har na so in waiwaya in ga wa yake nufi. Aka kira Gagare. Ka san a wurinmu mutum ba ya yabon taubashinsa a gaban jama'a sai in gawarsa aka shimfiɗa. Ya tsaya yana zufa, ya buɗe baki, ya dube ni. Ina ganin lokacin da harshen ya kufce mishi ya bi tsohuwar hanya. Wai, Allah ya gafarta malam, wanga ko sallama ya yi maka, ka leƙa ka ga ko akuyarka tana nan. Zauren ya ɗauki dariya.

Da na yi shiru, wataƙila da an gyara. Amma ban san lokacin da na ce akuyar ma ita ke roƙona in ɗauke ta daga gidan da ba dusa ba.

Alƙali bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce ya san wasan taubasai, shi ma yana da nasa. Amma an zo nuna mishi mutumin da ke iya riƙe harshensa a inda ya kamata, ya kuwa gani. In dawo baɗi.

Na durƙusa na ce yarinyar ba ta da baɗi. Ya ce shi ma abin ya dame shi, amma ba zai aika wa alƙalin birni abin da bai gani ba. Gagare ya biyo jakina a ƙasa har Wagini yana kuka. Ban iya zaginsa ba, ban iya lallashinsa ba.

Malam Muntaka zai taho da masu jakai, ku gwada da shi kaɗai, ko da yake na san amsar. An fara yankan dawa.

In ta tabbata ayarin zai tashi, ka san yadda ka yi ka sami yarinyar a bakin rijiya. Ka biya mata wannan har ta riƙe shi kamar Fatiha, don a can ma akwai alƙalai. Ita Hussaina ce, ɗiyar Yero ɗan Sada, uwarta Kulu, dukkansu 'ya'ya ne ba bayi ba, kuma Musulmi. A Wagini aka haife ta, shekarar da fara ta ci gero, abokin tagwaicinta bai kwana ba. Ranar suna ni na riƙe ƙafar ragon. Duk inda aka kai ta, ta faɗa. In an tambaye ta wa ya shaida, ta ce Malam Muntaka. Kada ta ambaci sunana.

Allah ya yi maka albarka.

Ubanka, Mati.