Launin Allon Baba

Sabon Gari, Litinin

'Yata Christabel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Kada ki yi dariyar girman rubutun nan. Da maka nake rubutawa, irin wadda 'yan kasuwa ke sa wa buhu suna da ita. Mordecai mai keke-napep zai kawo miki, tunda kullum hanyarsa ce.

Na san kina ta turo saƙo a waya kina ganin na yi biris da ke. Ba haka ba ne. Tun da aka yi mini aikin ido, ni da farin haske ba ma ga maciji. In na buɗe kwamfutar da kika bar mini don in shirya darasin Lahadi, sai fari fat ya watso mini kamar fitilar tirela, hawaye shar. Littattafai kuma rubutunsu ya yi mini ƙanana, a kwamfuta kaɗai nake iya ƙara masa girma. Likita ya ce idon ya warke, haske ne dai ba ya so.

Don haka na yanke shawara. Na miƙa wa Dominic ajin manya na coci, ƙarshen wata kuma zan koma gida Zonkwa wurin baffanki. Malamin da ba ya karatu ba abin da yake yi a birni sai tare wuri. Ga kwamfutarki nan cikin rigar matashi. Dokata tana nan yadda kika sani: kada in gan ki a ƙofar gida kafin ki gama jarrabawa.

Mahaifinki,
Shekari

Samaru, Laraba

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ya ƙarfin jiki? A tsaye bakin get na karanta wasiƙarka, na yi kuka sosai, har Mordecai ya sunkuya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Ba inda za ka, Baba. In ka tafi Zonkwa, wa zan tarar a gida? Da wa zan yi gardama?

Farin nan ba dole ba ne. Abin da kake buɗewa ka shiga intanet, burauza sunansa, farin nan riga ce kawai a jikinsa, ana iya tuɓe ta a ɗinka masa wata. Abin da ka turo ni Samaru in koya ke nan. Jiya na zauna na ɗinka masa baƙa: bayan shafi baƙi ƙirin, rubutu fari tas, sama da gefe duk baƙi. Na kuma saita shi yadda kowane shafi ka buɗe zai bi wannan launi, ko ya so ko bai so ba. Onyinyechukwu da muke ɗaki ɗaya ta leƙo ta ce abin ya haɗu, har tana so in yi mata.

Ga kwamfutar nan na ba Mordecai ya mayar maka. Ka gwada, ka faɗa mini gaskiya. Na san ma ba ka iya ɓoye ta ba. Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Christabel

Sabon Gari, Juma'a

'Yata,

Bayan gaisuwa, na gwada, na kuma gode. Tunda gaskiya kika nema, ga ta. Baƙin ya yi baƙi da yawa, farin ya yi fari da yawa. Haruffan suna ƙyalli, haske yana zuba ta gefensu har wani ya shige cikin wani. Kalmomin da ake dannawa kuma kin bar su shuɗi mai duhu, sun nutse cikin baƙin ɗungurungum. Ina laluben darasi na danna wani wuri, sai ga tallan maganin sanƙo ya cika mini fuska. Ban san wa ya ba su labarina ba.

Kada ranki ya ɓaci, kin yi ƙoƙari. Rayuwata duka a gaban allo na yi ta, idona bai taɓa yin ruwa ba, amma allo daban ne, kwamfuta daban. Mordecai ya samo mini mai akori-kura da zai kwashe kaya. Na fara ɗaure littattafai.

Ki ci abinci, ki yi barci, ki bar zancen nan.

Mahaifinki,
Shekari

Samaru, Asabar

Baba,

Ina wuni. Zancen nan ba zan bar shi ba, gadon taurin kai na yi, ka san wurin wa. Ka ce allo bai taɓa sa ka hawaye ba. To wane launi ne allo? Kada ka ce baƙi, baƙi na yi maka ka ƙi. Ni farin allo da maka na taso na tarar a makaranta, sai dai ƙaramin nan da ka koya mini baƙaƙe a kansa, wanda ke rataye bayan ƙofar kicin. Don Allah ka ba Mordecai shi ya kawo mini tare da kwamfutar, aro kawai. Na san abin da nake roƙo.

'Yarka mai kunnen ƙashi,
Christabel

Sabon Gari, Litinin

Christabel,

Ina gaishe ki. Tambayarki ta sa na yi wuni ina tunani. A makarantunmu na da ba fenti muke sa wa allo ba. Ran Juma'a in an tashi, sai a daka gawayi da ɗanyen ganye a shafe shi, ya kwana biyu yana bushewa. In alli ya bi ta kai, tsumma ya goge, sai ya koma wani abu da ba baƙi ba, ba kore ba, ba toka ba. Ban san sunansa ba. Naku na kicin ma haka na yi masa.

Ga shi nan, na naɗe shi a zanen mamanki. Na yi jinkiri kafin in sauke shi, ba zan ɓoye miki ba. Kin san Susanna da sammakon kasuwa, kin kuma san ni in na kama karatu sai tuwo ya huce a kwano. Shi ya sa take bar mini saƙo da rawayan alli. Na ƙarshen yana nan: "Shekari, ka ci abinci." Tun rasuwarta ban bari ko tsintsiya ta matso kusa da shi ba. Ina kewarta ƙwarai, 'yata.

Na gaya wa Mordecai a kan kujera allon zai zauna, ba a ƙasa ba, kuma kada ya ɗauki fasinja. Ya ce ko amarya bai taɓa ɗauka da irin wannan sharaɗi ba.

Mahaifinki,
Shekari

Samaru, Alhamis

Babana,

Gaisuwa mai yawa. Allon ya iso lafiya, ga shi ya koma lafiya tare da kwamfutar, ko yatsa ban ɗora kan rubutun ba.

Na jingina shi a inuwar bishiya na ɗauki hotonsa, na ciro launukan daga jikin hoton. Ashe allonka toka-toka ne mai duhu da ɗan kore a ciki, shi na sa a bayan shafi. Rubutun kuma na rage masa fari, na ba shi launin tsohon alli da ya maƙale a kusurwa. Kalmomin da ake dannawa na ba su rawayan Mama, ba za su sake nutsewa ba, masu maganin sanƙo sai su nemi wani. Na sa wa rigar suna Allon Baba.

Akwai abu ɗaya da na ƙara ba da izininka ba. In ka buɗe sabon shafi za ka gani. In ya yi maka nauyi ka faɗa, zan cire.

In wannan ma bai yi ba, ba zan hana ka tafiya ba. Amma ina so ka zauna, Baba.

Taka har kullum,
Christabel

Sabon Gari, Asabar

'Yata,

Wannan da kwamfuta na rubuto, Mordecai ya huta. Na karanta darasin gobe daga farko har ƙarshe, idona bai yi ruwa ba sai da na buɗe sabon shafi na ga rubutun mamanki. Wannan kuwa ba laifin haske ba ne. Kada ki cire.

Na sallami mai akori-kura. Littattafan da na ɗaure ke za ki kwance su in kin gama jarrabawa.

Tuwo ne da miyar karkashi. Na ci.

Babanki