Minti Shida da Akwatin Ya Ba Mu

Zuwa ga 'yata ta fari, a Dakar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki da rai da lafiya, ina sanar da ke cewa mu nan Damagaram kowa lafiya, sai zafi. Gaisuwar ta tsaya nan. Yau ba zan ja ta ba.

Dole in rubuta sunanki, domin a fili na sa wasiƙar nan, a shafin sada zumunta, kuma ina so duk wanda yake kusa da ke ya gane ke nake nufi. Rakiyatu. Shekara ashirin da bakwai da haihuwarki, bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba. Ke ce ta fari, kunya ta hana. 'Yar Inna nake ce miki, saboda mahaifiyata ce ta goye ki a Gidimuni. Ke kuma kika ji ƙanwata Hadiza tana ce mini Yaya, kika ɗauka. Yau ga shi na rubuta shi.

Masu karantawa za su ga kurakurai. Ke kin san dalili. Na haura arba'in kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ke kika tura ni. Kika sayo mini kaye, wato littafin rubutu, da bik na rubutawa, kika ce, "Yaya, ki koya, ko don in riƙa rubuto miki abin da ba na iya faɗa a gabanki."

Kin tuna ranar da maigidanki ya kawo akwatin wifi, ana saura kwana uku ku tafi? Gidanmu na Birni ginin ƙasa ne mai kauri, rezo, wato sabis na waya, ba ya shiga ɗaki, sai mutum ya hau dutsen da ke bayan gida. Kuka ɗora akwatin a taga, fari tas, da ƙahoninsa biyu. Kika nuna mini 'yar fitilarsa, kika ce, "In kore ce, muna tare. In ja ce, ki jira."

Shekara biyu ke nan ina jira.

Na san halinsa fiye da yadda na san halin wasu 'ya'yana. Hadari ya taso, akwatin ya ɗauke. A ɗauke wuta a dawo da ita, ya yi ta ƙifta ido kamar wanda aka tasa daga barci. Da bazara kuwa, hantsi na dubawa sai ya yi zafi ya yi shiru. Babanki ya sa masa suna Alhaji. In na fara mita sai ya ce, "Ki bar Alhaji ya huta mana, bai gama ƙailula ba."

Bara da zafi ya tsananta na yi masa abin da na sani. Na jiƙa tsumma na naɗe shi, yadda nake yi wa tulu. Tantinki Hadiza ta shigo ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Yaya, saura ki kifa masa moɗa a ka!" Ruwa ya shige shi. Kwana biyu yana cikin buhun gero kafin ya farfaɗo, kuma tun daga nan bai koma daidai ba. Wannan kin sani, har kin yi mini tsiya a kai.

Ga abin da ba ki sani ba.

Da cikinki ya shiga wata bakwai, na share miki ɗaki. Na tara itacen wankan jego a bayan madafa, na sayi kanwa, na sa aka daka gero. Duk 'yar da ta yi cikin fari gida take zuwa ta haihu, haka aka yi mini, haka na yi zaton za a yi miki. Sai kika ce likita ya hana ki tafiya, jininki yana hawa, ƙafafunki sun kumbura. Kin yi mini bayani dalla-dalla. Ni dai abu ɗaya kunnena ya ji: ba za ki zo ba.

Maƙwabta suna leƙowa suna tambaya yaushe mai ciki za ta iso. Na rasa abin da zan ce musu. Zuciyata ta riƙa raya mini cewa kin ga gidan bene da asibitin can, kin raina ɗakina. Ban iya faɗa miki ba, ban iya yi miki faɗa ba. Sai na miƙa hannu bayan labule na zare wayar akwatin daga bango.

Kwana goma sha biyu yana a zare.

Kika kira Babanki ta layi yana kasuwa, ya ce miki Alhaji ne ya sake tashi da ciwonsa. Bai yi miki ƙarya ba, shi ma abin da ya sani ke nan. Ni na yi ƙaryar, ba tare da na buɗe baki ba. Wa zai zargi mutum, alhali kowa ya san akwatin nan ba shi da alkawari?

Ranar da na mayar da wayar, saƙonninki suka zubo a jere. Na zauna ina bin su da yatsa, harafi harafi. A ciki kika ce, "Yaya, kar ki damu, na san ba laifinki ba ne. Zan sa a kawo miki sabo." Na ce a'a, wannan ma ya isa, kar a yi ɓarna. Kika sake maganar sau biyu, na ƙi. Gaskiyar ita ce, in aka kawo mai lafiya, ba ni da sauran wurin ɓuya.

Yau da ƙarfe goma na safe, ku can ƙarfe tara, kiranki ya shigo. Na ɗauka na gan ki kwance, an sa miki farar hula, da robar ƙarin ruwa a hannunki. Idona ya ga duk wannan. Amma me na ce? Ina kwana. Ina gajiya. Ya maigidan. Ya mutanen gidan. Ya zafi a can. Kika amsa mini ɗaya bayan ɗaya, don haka aka tarbiyyantar da ke, ba kya katse babba. Ina jin wata tana yi miki magana da Faransanci a gefe, tana gaggauta ki, ni kuwa ina tambayar ko kin karya kumallo.

Sannan kika ce, "Yaya, yanzu za a shiga da ni. Jinin ya ƙi sauka, za a yi mini aiki a ciro yaron. Ki yafe mini duk abin da na yi miki."

Babanki yana tsaye a bakin ƙofa. Hadiza tana zaune a gefena. Amsar tana nan a bakina, kalma uku ce kacal, amma ta ƙi fitowa a gabansu. Sai na yi abin da na saba yi duk lokacin da magana ta yi nauyi. Na ce, "Ga Tantinki," na miƙa mata salula.

Hadiza ta ce Allah ya raba lafiya, ta turo mini ita da ƙarfi, ta ce, "Yaya, ke take tambaya, ba ni ba!" Na karɓa. Fuskarki ta tsaya cak, bakinki a ɗan buɗe, ba motsi. Na ɗaga kai na dubi taga. Ja.

Salula ta nuna minti shida muka yi. Na zauna na lissafa, huɗu a gaisuwa suka tafi.

Na kashe akwatin na kunna. Na zare na mayar. Na ɗauki mafici ina yi masa fifita. Na roƙe shi da bakina, wallahi, kamar mutum. Da ya ƙi, na yafa hijabi na fita, na hau dutsen bayan gida da rana tsaka, na manta ko takalmi ban sa ba. Babanki yana biye da ni yana haki. A can sama rezo ya kama. Wayarki a kashe. Ta maigidanki tana ta ƙara, ba a ɗauka ba. Mun kira har ban san sau nawa ba.

A kan dutsen na danna in aiko miki da murya. Sau uku ina farawa. Duk ukun, da na saurara, gaisuwa ce da addu'a, babu maganar. Na goge.

Bayan azahar akwatin ya dawo da kansa, kore shar, kamar bai yi kome ba. Na rubuta miki kalmomin nan uku na aika. 'Yar alamar da ke ƙasan saƙon guda ɗaya ce har yanzu, ba ta zama biyu ba, wato bai isa gare ki ba. Ga shi an yi la'asar. Hadiza ta ce ba a shiga ɗakin aiki da waya, ta ce mai jego barci take yi, ta ce maigidanki ya bar tasa a mota. Duk na ji. Amma ita ma ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Babanki tun da ya tafi masallaci bai dawo ba.

Ban san ko an fito da ke ba. Ban san ko na yi jika ba. Abin da na sani kawai, kin tambaye ni abu ɗaya, aka tura ki ciki ba ki ji amsa ba. Ina tsoron ki ɗauka shirun nan shi ne amsata.

Shi ya sa na buɗe kaye na fara rubutawa, yanzu nake kwafewa a salula da yatsa ɗaya. Sau biyu fitilar ta koma ja ina cikin yi. Na sa wasiƙar inda kowa zai gani, don akwai 'yan Damagaram a Dakar, akwai ƙawayenki, akwai dangin maigidanki. Wanda duk ya riga ni isa gare ki, ina roƙonsa don Allah ya sunkuya ya karanta miki wannan a kunne, ko idonki a rufe yake. Kunyar da zan ji gobe in na fita unguwa, na ɗauka.

'Yata, ki saurara.

Na yafe miki. Na yafe miki duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba. Cikin da na ɗauka, da nonon da kika sha, duk halak malak. Ba ki yi mini kome ba. Rashin zuwanki ba raini ba ne, na sani tun ranar, zuciya ce ta ƙi karɓa.

Ni ce mai neman gafara. Kwana goma sha biyun nan kina ɗauke da ciki a ƙasar da ba ki da uwa, kina rubuto mini, ina zaune kusa da bango na ƙi miƙa hannu. Ki yafe mini. Kuma sau nawa kika kira don ki ji ni, na miƙa ki ga wani? Wannan ma ki yafe mini. Ba don ba na so ba ne. Duk cikin 'ya'yana babu wadda nake kasa kunne in ji labarinta kamar ke.

Ya Allah, Kai da ba ka bukatar waya kafin ka isar da saƙo, ka isar mata da wannan. Ka daidaita hannun masu yi mata aiki. Ka saukar da jininta, ka tsayar da abin da ya kamata ya tsaya. Ka fito da ita da abin da ke cikinta lafiya, ka ba ta ikon ɗaukarsa da hannunta. Ka ba maigidanta natsuwa. Ka ara mini ita, ya Ubangiji, ban gama zama uwarta ba. Amin.

In kin farka, kar ki wahalar da kanki da dogon rubutu. Ki ce kin ji, ya ishe ni.

Ni ce wadda ta haife ki,
Zuwaira, daga Birni, Damagaram.