Ramin Alhudahuda

Kai magini,

Na fita aiki kana barci. Ban tashe ka ba, don abin da ke bakina ba mai daɗi ba ne.

Ramin katangar baya da ka toshe da siminti jiya ba na ɓera ba ne. Sheƙar alhudahuda ce, tsuntsun nan mai tukku da zanen baƙi da fari a fiffike, wanda nake zama kallo kullum da yamma kana cewa na rasa aikin yi. Wai wari ka ji. To, haka sheƙarsu take wari, da ka tambaya da ka sani.

Bayan asuba na tarar da uwar da tsutsa a baki, tana ta saran siminti. Na ɗauki gudumarka na fasa simintin. 'Ya'ya uku ne, biyu sun mutu, ɗaya yana numfashi.

Kada ka ƙara zuwa kusa da katangar nan sai ɗan da ya rage ya tashi. In ruwa ya rushe ta, ni zan gina.

Biyun suna cikin kwanon simintinka. Kai za ka binne su.

Yayanka