Gwangwanin Inna da Ƙafar Baba

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan zaure. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Shawara nake nema, kuma ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, na san zagin zai zo, na ma riga ku yi wa kaina.

Ni 'yar Garwa ce, a nan Kamaru aka haife ni, kakanninmu ne suka zo daga Najeriya da fatauci suka zauna. Shekarata talatin da huɗu, aurena ya mutu na dawo gida ina ɗinki, ni nake kula da Babanmu tun rasuwar Inna. Baba atamfa yake sayarwa a babbar kasuwa, sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kirana sai Uwata. Ina da wa guda ɗaya, Hamma Sali, mutum ne mai son iyaye amma zuciyarsa a kusa take, kafin ka gama yi masa bayani ya riga ya tayar da moto.

A gidanmu akwai wani gwangwanin biskit da na gada wajen Inna. Gwangwanin nan ya girme ni, shi da shugaban ƙasarmu ne na tashi na tarar kuma ban san farkonsu ba. Duk wanda ya yi ciwo aka rubuta masa magani, da ya ji sauƙi sai Inna ta kwashe ragowar ta zuba a ciki, tana cewa mace mai hankali ba ta bari a shanye magani tas, gobe ma rana ce. Maƙwabta kuwa kamar yadda suke zuwa aron turmi haka suke zuwa neman kafso, mai tari, mai maruru, mai ciwon haƙori, kowa a ba shi biyu ko uku. Da na gaji gwangwanin sai na ƙara masa daraja, don ni na yi lekol, wato makarantar boko, ina karanta Faransancin da ke jikin kwali, har unguwa ta sa min suna Dokta. Wallahi ina jin daɗin sunan nan, kaina ya kumbura, ni da ko ƙofar makarantar likita ban taɓa gani ba.

Wata biyu da suka wuce Baba ya taka ƙusa a shago, ta huda takalmi ta shige shi a ƙarƙashin yatsa. Ya ce ba komai, bayan kwana uku wurin ya kumbura ya yi ja yana ruwa. Muna da wani maƙwabci, zan kira shi Mesiye Danyel, nas ne a wani ƙaramin asibiti na unguwa, Kirista ne mutumin duwatsun Mokolo, ya fi shekara goma muna katanga ɗaya. Shi ya yi ta ɗawainiya da Inna a ciwon ajalinta. Muka kai Baba wajensa, ya wanke ciwon ya yi masa allura, ya rubuta antibiyotik, irin maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, kafso ɗaya sau uku a rana har kwana goma. Ni ya kalla ya yi wa bayani, ba Baba ba, da Hausarsa ta kasuwa. Ya ce, "Adda, kwana goma cif. Ko ƙafa ya yi kyau, kar ki tsaya. Kar ki ba wani. Ran kwana biyar ki kawo shi in duba, mu auna suga kuma." Na ce masa ai ka san da wa kake magana, ya yi dariya ya ce shi ya sa yake maimaitawa.

Kwana huɗu na yi ina bayarwa kan lokaci. Ran na huɗun kumburi ya saɓe, Baba ya sa takalmi ya tafi masallaci da ƙafarsa. Washegari da sassafe ne Goggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Pitowa da kunci a kumbure, haƙori ya hana ta cin tuwo, ta ce 'yata Dokta ki taimake ni. Na duba gwangwani babu kafso mai kyau, na duba ledar Baba na ga saura sha takwas. Na ce a raina mutumin da ya warke me zai yi da sha takwas. Na ƙirga goma na ba Goggo, takwas na jefa a gwangwani. Da Baba ya tambaya bayan la'asar ko lokacin magani bai yi ba, na ce masa ya ƙare. Ya ce alhamdulillahi, dama yana ɗaure masa ciki. Ina so ku gane, ba rashi ne ya sa ni ba, Baba yana da halin sayen kwali goma. Sabo ne kawai, da son a ce Dokta ba a zuwa wajenta a koma hannu rabbana. Ran kwana biyar ɗin ma ban kai shi ba, da Mesiye Danyel ya tare ni a ƙofar gida na ce ƙafa ta warke, Baba ya koma kasuwa, za mu zo awon suga idan ya samu sarari.

Bayan kamar mako guda ciwon ya dawo, kuma ya dawo da fushi. A nan ne ya kamata in je in faɗi gaskiya, amma na san tambayar farko da zai yi min, sai girman kai ya riƙe min ƙafa. Na ɗauko takwas ɗin nan na ba Baba, yau biyu gobe ɗaya don su daɗe. Da suka ƙare na je wajen mai tebur a kasuwa, irin masu baza magani a rana, na sayo kafso ja da rawaya, wasu in ba shi ya sha, wasu in buɗe in barbaɗa garin a kan ciwon in ɗaure da ƙyalle, yadda na ga Inna tana yi. Na haɗa da wasu farare da na samu a gindin gwangwani, ko kwalinsu babu, ban san na mene ne ba, ban san shekararsu nawa ba. Baba bai taɓa tambayata ba, duk abin da na miƙa masa bisimilla yake yi ya haɗiye. Ga zafin Garwa, kun san shi. Wajen mako biyu muna haka, ɗakin ya fara wari ina kunna turaren wuta, har ranar da zazzaɓi ya rufe shi ya fara kirana da sunan Inna. Sai a lokacin na kira Hamma Sali.

A babban asibiti likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta kwance ƙyallen ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi wane magani ya sha. Hamma ya miƙa mata ordonans, takardar maganin da Mesiye Danyel ya rubuta. Ta ce ya shanye duka? Hamma ya juyo ya kalle ni, Baba ma daga kan gado ya kalle ni, na ce ya shanye tas, kwana goma. Ta ce an ba shi wani abu bayan wannan? Na ce a'a, ruwan ɗumi da gishiri kawai. Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Aka ɗebi ruwan ciwon aka kai analiz, wato gwaji, aka gano yana da suga mai yawa wanda ba mu sani ba, awon nan da na ƙi kai shi. Da sakamako ya fito ta ce ƙwayoyin cutar da ke ƙafar ba sa jin magungunan da aka saba bayarwa, kuma ciwon ya kai ƙashi. An yanke masa yatsu biyu. Yanzu ana yi masa wata allura ta jijiya, ta ce idan ba ta karɓe shi ba nan da 'yan kwanaki, maganar ƙafar ce daga ƙasan gwiwa. Ta ƙara cewa idan akwai abin da muka ba shi a gida mu faɗa mata, ba don ta yi faɗa ba, don yana taimaka mata ta san abin da take yaƙi da shi. Na sunkuyar da kai ina gyara wa Baba zane.

To ga inda abin ya fi ci min rai. Tunda na ce ya sha kwana goma bai warke ba, Hamma ya yanke hukunci cewa Mesiye Danyel ne ya ba mu jabun magani, ko kuma bai san aikinsa ba. Ya je har wajen aikinsa ya yi masa tas a gaban marasa lafiya, ya kira shi da sunan da ba zan iya rubutawa ba, irin wanda ake jifan mutanen dutse da shi. Magana ta zaga unguwa, matan da yake duba musu yara ko sisi bai karɓa ba su ne yanzu suke cewa dama sun daɗe suna zarginsa. Matarsa ta daina shigowa ɗibar ruwa a famfonmu. Mutumin nan gidansa cike yake da 'yan uwansa da suka gudo daga ƙauyukan bayan Mokolo saboda masu kai hari, da aikin nan yake riƙe da su duka. Duk da haka ya zo asibiti duba Baba da ledar ayaba a hannu, Hamma ya hana shi shiga. A baranda muka haɗu, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Adda, Baba ya sha duka kwana goma?" Na ce e. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "To. Allah ya ba shi lafiya." Ya ajiye ayabar a kan benci ya tafi. Na san ya sani, kuma bai faɗa wa kowa ba, da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Shekaranjiya kuma Goggo ta zo dubiya daga Pitowa, ta zauna a gaban kowa tana yabona, wai kafson da na ba ta kwana biyu ya kwantar mata da haƙori, ragowar ma ta ba wata maƙwabciyarta, da ma ni aka bar wa ƙafar tun farko da ba a kai ga haka ba. Hamma ya ce ai kuwa gaskiya ne. Na fita na yi amai a bayan ɗakin. Da na koma gida na juye gwangwanin nan kaf a masai, amma me ya rage, an riga an yanke yatsun.

Yanzu Hamma ya sa an rubuta masa takardar ƙara da Faransanci, ran Litinin zai kai wa manyan Mesiye Danyel, ya rantse sai an kore shi daga aiki, idan an yanke ƙafar kuma sai ya kai shi komisariya wajen 'yan sanda. Ni ya ce in sa hannu a matsayin shaida, tunda ni na ba da maganin da hannuna. Na ce masa kaina yana ciwo, ya bari sai Litinin ɗin. Yau Juma'a.

Na yi tunanin in je wajen likitar ni kaɗai in faɗa mata komai in roƙe ta ta rufa min asiri, wannan zai taimaki ƙafar Baba, amma ba zai wanke Mesiye Danyel ba. Na yi tunanin in ƙi sa hannu kawai in yi shiru, amma Hamma zai kai takardar ko babu ni, kuma unguwa ta riga ta yanke wa mutumin hukunci. Idan kuwa na faɗa a fili, na san Hamma, ba zai sake kallona a matsayin 'yar uwa ba, kuma ba ni da wani gidan da ya wuce wannan. Wannan ma zan iya ɗauka. Abin da ba na iya ɗauka shi ne Baba. Mutum ne mai suga, mai rauni, yana kwance yana jiran a ce masa ƙafa ko babu ƙafa, ina tsoron in faɗa masa zuciyarsa ta buga, in zama na gama abin da na fara. Kuma ban sani ba ko tsoron nan na gaskiya ne, ko wata sabuwar dabara ce da raina ya ƙirƙiro don in ci gaba da ɓuya, don na ga irin ƙaryar da nake iya yi.

Don Allah masu ilimin addini da ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan ku yi min magana. Wa zan fara faɗa wa, likita, ko Hamma, ko in je in durƙusa a gaban Mesiye Danyel da matarsa? In jira a ga yadda allurar za ta yi, ko jiran ma wani zaluncin ne? Masu gwangwani irin nawa a gida kuma, na san kuna da yawa, ba zan yi muku wa'azi ba, ba ni da bakin yi.

Yau da safe wata nas ta kawo wa Baba ƙwayar suga, ya kawar da kai ya ƙi karɓa. Ya ce shi ya gama yarda da masu farar riga, a ba Uwata ta ba shi, hannunta kaɗai ya yarda da shi. Na karɓa na sa masa a baki, na ba shi ruwa, ya haɗiye, ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ba ni masu yi min yadda nake yi masa. Duk ɗakin suka ce amin. Ku gaya min, da wane baki zan faɗa masa?