Ni ne nake girgiza masa tebur

Assalamu alaikum masu karanta wannan shafi. A sakaya sunana, kuma a bari in kai ƙarshe kafin a zage ni.

Ni planto ne a wani labo, ɗakin binciken kimiyya na gwamnati nan Yamai, aikina shara da wankin kwalabe. Ƙanin matata ne ya samo mini aikin. Shi ya yi karatu har Faransa, ni a firamare aka kore ni, yau ga furfura ina ɗaukar masa jaka. Aikinsa kallon layin da ke raba mai da ruwa, a matse tsakanin gilashi biyu. Wai layin nan yana rawa da kansa, kuma ko da ido ka duba ko da madubin ƙara girma, karkacewar iri guda ce, ƙarama cikin babba. Ya ce har cikin maganaɗisu akwai irin wannan iyaka. Ni me ya dame ni?

To fari ya koro dangina daga wajen Tawa, dabbobinsu sun ƙare, suka yi bukkoki bayan katangar labon. Ina kallo yara su sha ruwan kogi su yi ta zawo? Kullum da hutun rana, in ya kunna na'urar hotonsa ya rufe ya tafi cin abinci, sai in buɗe pampon baya in zura musu tiyo su cika bido, wato jarkokinsu. Ashe bututun ta ƙarƙashin teburinsa ya bi. Ran nan na ɗora hannu kan teburin lokacin da ruwa ke zuba, na ji yana kakkarwa. Rawar da yake ɗauka, tawa ce.

Yanzu ya ce ya gano abin da Turawa ba su gani ba, zai kai musu hotunan. Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, kai kaɗai ke kula mini da ɗakin nan tsakani da Allah." Na kasa kallonsa.

In na faɗa, dole ya kai rahoto, kuma kun san soji da kayan gwamnati, gidan kaso zan tafi ba tambaya. In na rufe pampo shiru, yaran fa? In na bar shi ya tafi, can za a gwada a ce maƙaryaci ne. Na sha jin haushin karatunsa, amma wallahi ban nufe shi da wannan ba.

Gobe ma da rana za su zo da bidonsu. Me zan yi?